"Ai Ke Ba Kya Gajiya": Yabon da Ke Cinye Mata

Makonni uku da suka wuce na je dubiyar yayata a asibiti. Yanke jiki ta yi ta faɗi a wurin aiki, aka auna aka ga jininta ya hau, likita ya ce sai ta kwana biyu suna lura da ita. Na same ta da ƙarin ruwa a hannun hagu, waya a hannun dama, tana yi wa wani kwatancen inda ta ajiye rigar makarantar autanta. Tana ajiyewa wani kiran ya shigo: maganin surukarta na dare, ƙwaya ɗaya ce ko biyu? Kafin in gama zama ta amsa kira huɗu. Kowa yakan ce mata sannu, amma a gurguje, kamar mai biyan kuɗin shiga kafin ya kai ga abin da ya kawo shi.

Muna cikin haka gwaggonmu ta shigo. Ta dafa ta, ta ce, "Sannu 'yar nan. Allah ya tashi kafaɗarki ki koma, gida duk ya birkice babu ke. Ai ke ba kya gajiya, ban san me ya same ki ba."

Yayata ta yi murmushi ta ce, "Ku yi haƙuri, Gwaggo."

Ita ce a kwance, ita ce kuma mai ba da haƙuri. Tun daga ranar maganar nan take cina.

Gwaggo ba mugunta ta yi ba, yabo ta yi, kuma da zuciya ɗaya. Abin da ya dame ni ke nan. A ganina irin wannan yabon shi ne ladan da muke biyan mace don kada mu taya ta ɗaukar kaya. Mun koya mata tun tana ƙarama cewa mutuncinta yana ga yadda take manta kanta, idan ta girma ta durƙushe kuma sai mu riƙe baki muna mamaki. Gajiyar nan ba daga rashin dabararta ko raunin imaninta ta fito ba. Daga yadda aka raba kayan ta fito, kuma ba ta da magani sai an sake rabon.

Gajiya daban, ƙarewa daban

Gajiyar da kowa ya sani barci ne maganinta. Ka yi aiki, ka kwanta, ka tashi garau. Akwai wata kuma wadda za ki yi barcin awa takwas ki tashi da ita, kamar ba ki runtsa ba. Ɗanki ya kira "Mama" ki ji ranki ya ɓaci, sannan ki ji kunyar ɓacin ran. Abin da kike yi da daɗi a da ya koma miki kamar ɗaukar dutse. Ni dai ina kiran wannan ƙarewa, domin abin da ke faruwa ke nan: fitila tana ci, mai ya ƙare, sai ta koma cin lagwaninta.

Wani masanin halayyar ɗan'adam a birnin New York, Herbert Freudenberger, shi ya fito da batun fili a 1974. Ba a wurin malalata ya gan shi ba. A wurin masu aikin sa kai ya gan shi, a wani asibitin kyauta, kuma waɗanda suka fi kowa ƙwazo da tausayi su ne suka fi saurin ƙarewa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace shi a kundinta da alamu uku: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta janye daga aikin har mutum ya fara jin haushinsa, sannan ya ga ba ya iya taɓuka abin kirki. Amma hukumar ta ce bayanin nata ya tsaya ne ga wurin aiki kawai.

To gida fa? Wurin da ba a tashi, ba hutun ƙarshen mako, ba ritaya? Wasu masana biyu mata a Jami'ar Louvain ta Beljiyam, Isabelle Roskam da Moïra Mikolajczak, sun shafe shekaru suna nuna cewa irin wannan ƙarewar tana kama iyaye a cikin gidajensu, har uwa ta ji tana yi wa 'ya'yanta hidima da hannu amma zuciyarta ta yi nisa. Bambancin kawai, ma'aikaci yana iya ajiye aiki ya tafi. Uwa ba ta da wanda za ta miƙa wa takardar murabus.

Aikin da ba ya shiga lissafi

A 2018 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da ƙididdiga a kan aikin kula da gida da mutane wanda ba a biya: girki, wanki, reno, jinya da makamantansu. Mata ne ke yin kashi 76 cikin 100 na sa'o'insa a duniya baki ɗaya. A matsakaici mace tana ba shi awa 4 da minti 25 kullum, namiji awa 1 da minti 23. Babu ƙasa ko ɗaya da aka samu rabon ya zo daidai. Mata miliyan 606 da suka isa aiki suka ce hidimar gida ce ta hana su neman aikin albashi. Maza masu wannan uzurin miliyan 41 ne. Ƙungiyar ta ce in aka ci gaba da tafiyar hawainiyar da ake yi, sai an shekara 210 kafin giɓin ya rufe.

Wannan ma abin da agogo ke iya aunawa ne. Akwai wanda ba ya iyawa, kuma shi na gani a hannun yayata ranar nan. Wa ya san takalmin yaro ya kusa matse shi? Wa ke riƙe da ranar komawa wurin likita, da ranar biyan kuɗin makaranta, da wanda aka yi wa rasuwa ba a je ba tukuna, da wanda ya yi fushi ake bukatar a lallashe shi? Wata mai nazarin zamantakewa a Amurka, Allison Daminger, ta tattauna da ma'aurata a wani bincike da ta wallafa a 2019, ta rarraba wannan aikin ƙwaƙwalwa gida huɗu: hango bukata, nemo mafita, yanke shawara, da bibiya. Ta ga cewa wajen yanke shawara maza suna shigowa sosai. Hangowa da bibiya kuwa, waɗanda ba su da farko ba su da ƙarshe, galibi a kan mata suke.

Shi ya sa maganar "da kin faɗa mini ai da na yi" ba ta sanyaya zuciya kamar yadda mai faɗinta yake zato. Tunawa da faɗar ma aiki ne. Bibiyar ko an yi, wani aikin ne. Wani lokacin sai ta ga gara ta tashi ta yi da kanta, shi kuma ya ɗauka ba ta bukatar taimako.

"Ai halittarsu ce"

Wannan ita ce amsar farko da ake ba ni. Wai mace da tausayi aka halicce ta, hidima daɗi take yi mata, in ka hana ta ma sai ta shiga damuwa.

Ban musa tausayin uwa ba. Amma akwai wani gwaji da ya tsaya mini a rai. Linda Babcock ta Jami'ar Carnegie Mellon da abokan aikinta sun wallafa shi a 2017. Ana haɗa mutum uku, a ba su minti biyu. Dole ɗaya ya danna maɓalli don kowa ya samu ƙarin kuɗi, sai dai wanda ya danna zai samu ƙasa da na sauran biyun. Wato irin aikin nan da kowa ke so a yi amma ba wanda ke so ya zama shi ya yi. Idan rukunin ya haɗa maza da mata, mata ne suka fi dannawa nesa ba kusa ba. Da aka ware maza zalla da mata zalla, sai bambancin ya ɓace: maza suka riƙa dannawa daidai da mata. Ashe sun iya. Abin da ya faru a rukunin farko shi ne kowa, har da matan, ya sa ran mace ce za ta yi, sai mazan suka naɗe hannu suna jira.

A binciken dai, idan aka roƙi mutum kai tsaye ya ɗauki irin wannan aikin, maza sun amsa a kashi 51 cikin 100 na lokutan, mata a kashi 76. Kuma mata aka fi roƙa, masu roƙon maza ne ko mata.

Duk wadda ta yi aikin ofis ta san hoton nan. Wa zai rubuta bayanan taro? Wa zai tara kuɗin gudummawa? Wa zai zauna da sabon ma'aikaci ya nuna masa kan aiki? A yi shiru, idanu su zagaya, su sauka a kan mace. Ranar ƙarin girma kuma ba a ƙirga ko ɗaya daga cikinsu.

In halitta ce, me ya sa ake shan wahalar koyar da ita? Ba wanda ke yi wa yarinya faɗa don ta koyi jin yunwa. Amma sau nawa ake ce mata "tashi ki ba yayanki wuri", "ke ce mace, ki bar masa", "haka za ki je gidan wani kina wannan son jikin?" Yaro yana kwance yana danna waya, ƙanwarsa da ta dawo makaranta tare da shi tana tsaye tana wanke-wanke. Shekara ashirin ana wannan darasin, sannan a ce da shi aka haife ta.

"Maza ma suna gajiya"

Ƙwarai kuwa. Na san mazan da nauyin ciyarwa ya sa suka tsufa kafin lokacinsu, suna fita da duhu su dawo da duhu, ga bashi, ga 'yan'uwa kowa da bukatarsa, kuma an hana su kuka. Wannan ma zalunci ne, ya cancanci nasa rubutun.

Sai dai ku duba abin da ke faruwa idan kowannensu ya furta. Namiji ya shigo ya ce ya gaji, sai a kori yara, a rage sauti, a ce "ku bar Baba ya huta". Mace ta ce ta gaji, tambayar farko ita ce, "Me kika yi?" In tana aikin albashi, tare suka fita, tare suka dawo, shi ya wuce ya miƙe ƙafa, ita ta ajiye jaka ta shiga aiki na biyu. An yarda da gajiyarsa ba tare da shaida ba. Tata sai ta kawo hujja, kuma hujjar da ake karɓa ba gardama ita ce gadon asibiti.

"Lada take samu, ta yi haƙuri"

A nan nake so in ɗan daɗe, domin nan ne bakin mata da yawa ke mutuwa. Wa zai yi jayayya da lada? Wa zai ce haƙuri ba abin kirki ba ne? An ce mahaƙurci mawadaci, na kuma yarda.

Amma haƙuri ana yin sa ne a kan abin da ba yadda za a yi da shi: ciwo, rashi, talauci. Idan mutum yana tsaye da hannu biyu lafiyayyu yana kallon wata tana nishi da kayan da rabinsa nasa ne, ya ce mata ta yi haƙuri, to ya mayar da kalmar sanda. Kuma abin mamaki, ladan nan da ake ta kwaɗaita mata, ban ga masu kwaɗaitarwar suna rububinsa ba. In hidimar gida hanyar Aljanna ce, ai hanyar ba ta da ƙofar da aka rubuta "mata zalla".

An tambayi Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, me Manzon Allah (SAW) yake yi a gida, ta ce yakan kasance cikin hidimar iyalinsa, idan lokacin salla ya yi ya fita. Bukhari ya ruwaito. Shi ya ruwaito kuma ziyarar Salmanul Farisi gidan Abud Darda'i, inda ya tarar ya duƙufa ga azumi da tsayuwar dare har ya yi watsi da kansa da iyalinsa, ya ce masa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da haƙƙi a kanka, ka ba kowa haƙƙinsa. Annabi (SAW) ya ce Salmanu ya yi gaskiya. In har ibada ba ta zama uzurin tauye haƙƙin rai ba, ta yaya guga da wanke-wanke za su zama? Ayar ƙarshe ta Suratul Baƙara ta ce Allah ba ya ɗora wa rai sai abin da zai iya. Mu ne muke ɗorawa, sannan mu jingina wa addini.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ciwon damuwa ya fi yawa a mata da kusan rabi a kan yadda yake a maza, kuma fiye da ɗaya cikin goma na masu ciki da masu jego suna fama da shi. Dalilansa da yawa, ban ce hidima ce kaɗai ba. Amma macen da aka koya wa cewa furta gajiya butulci ne, ita ce za ta fi daɗewa tana ɓoyewa kafin ta nemi likita. Jiki magayi, shi ba ya jin kunyar kowa.

"Wa ya hana ta cewa a'a?"

Mu muka hana ta. Na ce mu, domin a nan ba zan ɗora wa maza laifin duka ba. An ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma sau da yawa mace ce ke fara jifan wadda ta ce ba za ta iya ba. "Mu da muka haifi takwas ba mu mutu ba." "Matan yanzu ba sa son wahala." Uwa ce ke faɗa, ko suruka, ko ƙawa. Na fahimci inda abin ya fito: wadda ta ƙarar da ƙuruciyarta tana ɗaukar kaya, in ta ga wata ta sauke nata ta zauna lafiya, sai ta ji kamar an ce mata wahalar banza ta sha. Yarda da hakan yana da zafi. Gara ta ce waccan ce malalaciya.

Ni kaina ba fita zan yi ba. Wata ɗaya kafin yayata ta faɗi, ni na kira ta na ce ta raka mahaifiyarmu asibiti, "ke kin fi iya magana da likitoci, Yaya." Mu biyar ne a ɗakinmu, uku maza. Ko tunanin kiran ɗayansu ban yi ba. Na zaɓi wadda na san ba za ta ƙi ba, na naɗe mata aikin da yabo na miƙa mata, daidai yadda Gwaggo ta yi.

Macen da ta ce a'a tana biya. A kira ta mai son kai, mai girman kai, wadda boko ya ɓata, wadda ba ta son dangin miji. Namiji ya ce "ba ni da lokaci", an gama magana. Ita sai ta haɗa da bayani, da ban haƙuri, da alkawarin gobe, sannan ta kwana tana juyi ko ta yi laifi.

Shawarar "ki kula da kanki"

Yanzu an shigo da wani sabon salo a intanet: ki ware lokacin kanki, ki motsa jiki, ki yi barci isasshe, ki koyi tsara lokaci. Ba ƙarya ba ne, amma dariya yake ba ni. An ɗauki matar da ke da ayyuka talatin an ƙara mata na talatin da ɗaya, in ta kasa kuma laifinta ne, ba ta iya tsari ba. Awa ɗayan da za ta huta, wa zai riƙe jaririn? In babu amsar wannan, shawarar ado ce.

Hutun mutum ɗaya a gida yana nufin wani ya tashi. Abin da ba a so a faɗa ke nan. Kuma "taimako" ma ba ita ce kalmar ba, domin mai taimako baƙo ne, yana yi in ya ga dama, a gode masa. Abin da ake bukata shi ne a ce wannan aikin naka ne daga tunawa har gamawa: maganin Mama naka ne, kai za ka san ya kusa ƙarewa, kai za ka sayo, kai za ka tuna lokacin sha. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mun sani tun kaka da kakanni, amma da an shigo cikin gida sai mu manta.

Mu mata kuma da namu gyaran. In ya yi wa yaro wanka bai yi yadda kike yi ba, ki kawar da kai. In ɗanki namiji ya wanke kwano ya bar maiƙo, ki mayar masa ya sake, kada ki karɓe. Da yawanmu mun saba da zama wadda ba a iya komai sai da ita, har muna jin daɗin hakan a ɓoye, ko da yana kashe mu.

Gwamnatoci da wuraren aiki ma ba a bar su a baya ba. Suwidin ta ba iyaye maza damar hutun haihuwa tun 1974, amma kaɗan ne suka riƙa ɗauka, sai da aka ware wata guda a 1995 wanda in uba bai ɗauka ba ya tafi a banza, sannan abin ya fara motsi. Yau kwana 90 ne aka keɓe wa kowane ɗaya daga cikin iyayen. Wa'azi kaɗai bai sauya rabon ba, sai da tsari ya sauya.

A ranar Juma'a 24 ga Oktoba 1975, kusan kashi 90 cikin 100 na matan ƙasar Aisland suka ajiye aiki na yini ɗaya, na ofis da na gida. Makarantu da wuraren reno suka rufe, maza suka kwashi 'ya'ya zuwa wurin aiki, har suka sa wa ranar suna doguwar Juma'a. Shekara biyar bayan haka ƙasar ta zaɓi Vigdís Finnbogadóttir shugabar ƙasa. Ba kira nake a yi yajin aiki ba. Abin da ya ja hankalina shi ne yini ɗaya tak ya isa kowa ya ga aikin da shekara da shekaru ake cewa ba aiki ba ne.

A gidan yayata ma kwana biyu suka isa. Maigidanta, mutumin kirki ne wallahi, ya ce mini bai taɓa sanin autansu ba ya barci sai an bar masa fitila ba. Shekarar yaron shida. Da aka sallame ta ya karɓi kai yara makaranta da maganin mahaifiyarsa, mu kuma muka zauna mu biyar muka raba ranakun asibitin Mama, ƙannena maza suka ɗauki nasu ba tare da gardama ba. Ɗayansu ma cewa ya yi, "Ai ba a taɓa ce mana ba."

Jiya na kira ta da yamma. Ta ce tana kwance, ba abin da take yi. Sai ta yi shiru, ta ce, "Wallahi sai nake jin kamar na yi sata."

Na ce ta ajiye wayar ta koma ta kwanta. Na ji muryar autan daga nesa yana kiran "Mama", na ji motsin tashinta, sannan na ji babansa ya amsa daga wani ɗakin.